Kubar Gida Mai Lamba Tara

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin kafinta a ma'aikatar gine-gine a nan Tamale, amma ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Jumma'a ce da aikin bai ɗauke ni rabin awa ba. Kuba ɗaya na cire daga jikin ƙofa na sa wata. Tunda kun zauna kuna tambayata yadda aiki yake a zamanin Turawa, wannan zan ba ku, don ya fi duk rufin da na taɓa ɗorawa zama a raina.

Abin ya faru shekara biyu bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Garin bai kai haka ba a lokacin. Kalpohin da Jisonayili da kuke zuwa a kan babur yanzu, ƙauyuka ne, sai ka ratsa gonakin dawa kafin ka kai. A ma'aikatarmu, injiniya Bature ne a sama. Muna ce masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Tsohon hafsan soja ne, yana jin Hausar bariki. Ƙarƙashinsa akwai akawuna, yawancinsu mutanen kudu, sai helma mai kula da ma'aikata, sai mu masu sana'a, kafintoci da magina, sai leburori. Mu kanmu kashi biyu ne. Akwai 'yan dindindin masu fansho, akwai 'yan aikin rana waɗanda za a iya kora da baki kawai. Ni ɗan aikin rana ne, shekara tara ke nan, kuma a wannan shekarar aka sa sunana cikin waɗanda za a mayar dindindin. Hannun Mai Lofe kaɗai takardar take jira.

Gidajen gwamnati ma hawa-hawa ne. Turawa suna can unguwarsu. Akawu mai iyali ana ba shi ɗaki biyu in da akwai. Wanda bai samu ba sai ya zauna a layin gwauraye, ɗaki ɗaya, makewayi na kowa da kowa, kuma doka ta hana mace kwana a wurin. Kowane gida yana da lamba, mabuɗinsa yana rataye a allo cikin ofis, ba mai taɓa shi sai da takarda mai sa hannun injiniya.

Akawun sitonmu sunansa Mista Amisa, Bafante ne daga bakin teku, Kirista. Shi ke ba mu katako da ƙusa. Mutum ne siriri mai magana a hankali, kullum da farar riga a goge. Shekara uku yana Tamale, matarsa Maame Esi tana can garinsu da ɗansu Kofi da wata 'yar da aka haifa bayan tahowarsa, Araba, wadda bai taɓa gani ba. Sau biyu hutunsa yana zuwa ana ɗage shi. Ya koyi Hausa a kasuwa, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Ni kuwa ba ya kirana Sule, sai Kramo, sunan da mutanensu ke kiran Musulmi da shi.

Akwai wani gida mai lamba tara a bakin iyakar unguwar Turawa, tsohon masauki ne da aka yasar. Gara ta cinye azarar, kwanon ya ɗage, jemagu sun mai da silin nasu. Amisa ya rubuta yana roƙon a ba shi. Mai Lofe ya yi dariya, ya ce in yana son ya zauna da jemagu ga shi nan, amma gwamnati ba za ta sa ko lebura ɗaya a gyaran ba. Ya sa hannu. Ya kuma yarda Amisa ya kwashi guntayen katakon da ake zubarwa a bayan sito.

Ran nan Amisa ya same ni ina wasa zarto, ya nuna mini takardar. Ya ce, "Kramo, matata zai zo. Yara zai zo. Za ka taimake ni?"

Na ce, "Akawu, wannan gidan ai ba gyara yake so ba, rushewa yake so."

Ya ce, "Ka zo ka gani da idona, ba da idonka ba."

Wata biyar muka yi a kai. Ran Asabar aiki rabin yini ne, daga nan sai mu wuce can. Ran Lahadi kuma in ya fito daga coci sai ya tuɓe farar rigarsa ya rataye a reshen darbejiya, ya hau aiki. Hannun alƙalami gare shi, makon farko duk tafinsa ya yi bororo, bai fasa ba. Muka kori jemagu da hayaƙin barkono. Muka canza azara, muka daddanne kwanon, muka toshe ramukan. Ya shafe bango da farar ƙasa har sau uku, don ya ce matarsa ba ta son bango mai dabbare-dabbare. Ya sa na juya ƙofar madafa ta daina kallon hanya, don Maame Esi ba ta son a riƙa kallonta tana girki. Ya haƙa rami ya kafa randa biyu a inuwa, ya ce ita 'yar bakin ruwa ce, ƙarancin ruwan Tamale zai ba ta tsoro, gara ta tarar da randa cike. Ya auna tagogin nan huɗu da igiya, ya rubuta mata awon a wasiƙa don ta ɗinko labule.

Wata Asabar ina kafa maratayin kaya a ɗakin yara, ya ce in sa ɗaya ƙasa-ƙasa saboda Araba. Na tambaye shi daidai ina. Ya kai hannu wajen gwiwarsa, ya ɗaga zuwa cinya, ya sake saukarwa. Sai ya tsaya. Ya ce, "Ban san tsawonsa ba, Kramo." Na ce masa 'yata Laraba shekararta uku, ga inda take kai mini. A nan muka buga ƙusar.

A ranar ne ya yi mini maganar addininsu, muna zaune a dokin ƙofa muna cin gyaɗa. Ya ce su Kirista sun gaskata Almasihu ya riga su tafiya ne don ya shirya musu wurin zama a can, zai kuma dawo ya ɗauke su. Ya ce yana yaro in aka faɗi haka a coci, gidan zinariya yake gani, abin bai taɓa shiga ransa ba. Sai da ya fara gyaran wannan gida ya gane. Ya ce, "Mai shirya maka ɗaki, kai yake tunani. Ya san gefen da kake kwanciya. Ya san abin da kake tsoro. Kai kana can kana wahala a hanya, ba ka san wani yana share maka ƙasa ba." Na ce masa a tamu hanyar ba haka muke faɗin abin ba, amma mu ma mun san akwai gida bayan wannan. Ya ce to, mu ci gyaɗarmu. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Da gidan ya kammala, ko ni da na yi aikin sai da na tsaya na kalle shi daga nesa. Fari tas, tagogi shuɗɗa, ga furannin da ya roƙo wajen mai lambun Turawa sun kama. Wannan kyan ne ya jawo mana abin da ya faru.

Iyalin suka taso ran Talata. Tafiyar kwana huɗu ce, jirgin ƙasa zuwa Kumasi, daga nan lori, a ƙetare kogi da jirgin fito a Yeji, a iso Tamale ran Asabar. In mutum ya kama wannan hanya ba yadda za a yi a tsai da shi. Ran Alhamis da safe Mai Lofe ya fita zagayen duba gidaje, ya bi ta gaban lamba tara, ya sa direba ya tsaya. Ya shiga, ya zaga, ya fito. Da azahar masinja ya zo ya ce ana kirana a ofis.

Na tarar da shi a zaune, sabuwar kuba a kan tebur cikin takardarta. Amisa yana tsaye a gefe, fuskarsa ta yi toka. Mai Lofe ya ce wani Bature mai aikin ruwan famfo yana zuwa, ba gidan da za a sa shi, don haka gwamnati ta karɓi lamba tara. Ya nuna wani layi a ƙasan takardar da ya sa wa hannu, inda aka ce an ba da gidan ne har ran da gwamnati ta buƙace shi. Kowace takardar gida tana da wannan layi, ba wanda ke karanta shi. Ya tura mini kubar ya ce, "Gobe da safe ka canza. Ka kawo mabuɗi nan."

Ban san inda na samo bakin magana ba. Na ce, "Massa, matarsa tana hanya da yara. Jibi za su iso."

Ya cire lofen daga baki ya dube ni. Ya ce, "Kai kafinta ne ko lauya?"

Na ce, "Kafinta ne, Massa."

Ya ce, "Sule, ko? Takardarka tana cikin wannan durowa." Ya ɗan buga durowar da gindin lofe. Ya mai da lofen bakinsa.

Na ɗauki kubar. Ina so ku ji wannan da kyau, don ba zan gyara shi ba. Ba a doke ni ba, ba a ɗaure ni ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu da tsohuwar uwa, na yi shekara tara ina jiran takardar nan. Na miƙa hannu na ɗauki kubar, har na ce, "To, Massa."

Amisa ya tambaya ko zai iya kwashe gadon da muka yi masa da kantocin ajiye kaya. Mai Lofe ya ce duk abin da aka kafe a bango na gidan ne, gadon kuma da katakon gwamnati aka yi shi. Katakon da ake zubarwa a bayan sito ke nan, wanda gara ke ci.

Ran Jumma'a da hantsi na tafi da jakar kayan aikina. Na yi ta addu'a kada in tarar da shi, amma yana nan. Ya riga ya fito da abin da aka yarda masa: tabarmi, tukwane, akwatin ƙarfe, da fitila. Ya share ɗakunan. Ban san wa ya share wa ba. Na yi sallama, ya amsa. Na durƙusa na fara kwance sukurori. Ƙofar ta riƙa motsi, don ni na rataye ta, ba ta da nauyi a hannu. Sai na ji ta tsaya cik. Na ɗaga kai, na ga Amisa ya riƙe mini ita, kamar yadda ya saba riƙe mini katako wata biyar. Yana riƙe da ita har na gama. Da sukuru ɗaya ya faɗi, shi ya sunkuya ya tsinto mini.

Na ce, "Akawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Ɗaura da kyau, Kramo. Kada ya ce ba ka iya aiki ba."

Na murɗa mabuɗin, kubar ta shiga da ƙara mai daɗi irin ta sabon ƙarfe. Na kai ofis, masinja ya rataye shi a allo. Daga nan na wuce masallacin Jumma'a. Ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Da na koma gida na faɗa wa matata Hajara. Ta saurare ni har na gama. Sai ta tashi ta shiga ɗakin da muke ajiye hatsi ta fara fitar da buhuna. Ta ce, "Malam, mace da yara ba za su kwana a tasha ba." Ɗaki ne ƙarami mai rufin ciyawa, ba taga, amma shi ke gare mu.

Ran Asabar da la'asar muka tsaya a tasha, ni da Amisa. Lori ta iso ja wur da ƙasar hanya. Maame Esi ta sauko, doguwar mace, da yarinyar a goye, Kofi yana riƙe da zanenta. Amisa ya miƙa wa Araba hannu, ta ɓoye fuska a bayan uwarta tana kuka, don ba ta san shi ba. Akwai wani ƙunshi da matar ta ƙi bari a ɗora a saman mota, a cinyarta ta riƙe shi kwana huɗu. Tun a tashar ta kwance bakinsa tana nuna wa mijinta tana dariya. Labulen ne, guda huɗu, da ɗinkin furanni a gefe. A nan ya faɗa mata da yarensu. Ban ji yaren ba, amma na ga lokacin da dariyar ta tsaya. Ta ɗaure ƙunshin a hankali.

Ta ce sai ta ga gidan kafin ta je ko'ina. Muka bi da su. Ta zaga shi, ta leƙa ta kowace taga. Ta buɗe murfin randa ta ga ruwa cike. Ta je ƙofa ta taɓa kubar, ta yi wa mijinta tambaya. Ya kau da kai. Ta sake yi. Na ce masa, "Me ta ce?" Ya ce tana tambayar wanda ya kulle. Na ce, "Faɗa mata ni ne." Ya faɗa mata. Ba ta dubi fuskata ba, hannuwana ta duba. Sannan ya gaya mata cewa a gidana za ta sauka.

Mako bakwai ta yi a gidanmu a zango, unguwar Hausawa. Hajara ta yi iyakar ƙoƙarinta, suna magana da hannu, ta koya mata tuƙa tuwo, ita kuma ta koya mata wani dafin kifi. Ni kuwa kullum ta gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa cin abinci ina wurin ba. Damina ta sauka, rufin ɗakin ya riƙa yoyo, na gyara, ya sake. Araba ta kamu da zazzaɓi da gudawa, ta rame har wuyanta ya kasa ɗaukar kanta. Amisa yana layin gwauraye, sai ya zo da yamma ya zauna a tsakar gida kamar baƙo. Ya rubuta takarda uku yana roƙon gida ko a mai da shi kudu. Ba a amsa ko ɗaya ba. Da yarinyar ta ɗan farfaɗo, Maame Esi ta ce ba za ta binne 'yarta a garin da ba ta da ƙofar kanta ba. Ta kwashe yaran ta koma. Araba ba ta yarda ubanta ya ɗauke ta ba sai ana sauran kwana biyu su tafi.

Baturen ruwan famfo bai zo ba. An tura shi wani gari tun daga bakin teku. Ba wanda ya tuna da lamba tara. Amisa ya sake rubutawa, aka ce gidan yanzu yana cikin jerin gidajen Turawa, ba a ba baƙar fata. Wata goma sha ɗaya yana kulle. Kullum Amisa zai tafi aiki ta gabansa yake bi, don ba wata hanya. Da aka tashi buɗewa, ni aka sake aika in duba in kawo rahoto. Jemagu sun koma, gara ta hau ƙafar gadon ta cinye ta. Aka mai da shi ma'ajiyar siminti.

Takardata kuwa an sa mata hannu mako biyu bayan waccan Jumma'ar.

Amisa ya daina zuwa coci wajen wata uku. Ran Lahadi sai ya rufe ɗakinsa. Daga baya na ga ya koma. Wata rana muna sito mu biyu na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko har yanzu yana gaskata maganar da ya faɗa mini a dokin ƙofa. Ya daɗe yana jera ƙusoshi. Ya ce, "Wata rana ina gaskatawa. Wata rana ba na iyawa. Ran da ba na iyawa, sai in je in zauna a bencin baya, in bar sauran mutane su gaskata, ni in saurara." Ya rufe akwatin ƙusar. Ya ce, "Abu ɗaya dai na riƙe. Wanda yake shirya wancan, shi ne mai gidan. Ba akawu ba ne kamar ni."

Shekara biyu bayan haka ya samu hutu ya je ya gan su. Ya dawo, sanƙarau ya kama shi da bazara, kwana uku ya yi. Kafin wasiƙa ta kai bakin teku an binne shi a nan. Ni na yi akwatin. Mutanen cocinsu suka yi ta waƙa, ina tsaye a bayan shinge da hulata a hannu.

Zan ƙara muku abu ɗaya, don kada ku ɗauka na Turawa ne kaɗai. Bayan sun tafi, na zama helma. Wata rana sabon shugabanmu, ɗan ƙasa kamarmu, ya kira ni ya ba ni kuba, ya ce in je in canza ta gidan wani direba da ya mutu, matarsa ba ta ko gama takaba ba. Na ajiye masa ita a kan tebur. Na ce, "Ranka ya daɗe, in kana so a canza, mu tafi tare ka tsaya a ƙofar." Ya ce in fita. Na fita ina jin kamar na wanke wani abu. Kafin la'asar an aiki wani kafinta daga cikin waɗanda ni na koya wa aiki, ya canza ta. Ni kuma aka tura ni gyaran gadoji a daji shekara biyu.

To, abin da na sani game da wannan aiki namu ke nan. Mai sa hannu ba ya zuwa bakin ƙofa. Mu ake aikawa, mu muke ganin fuskar mutane, mu suke tunawa. In ka ƙi, ba lallai ka ceci kowa ba, akwai wani mai sukundireba a bayanka. In ka yarda, za ka ci abinci, 'ya'yanka su yi makaranta, kamar yadda nawa suka yi. Na gwada duka biyun, ba zan yi muku ƙarya in ce ɗaya yana da sauƙi ba. Amma ran da aka miƙo muku takardar aiki aka ce ƙofa kaza, kada ku ce ƙofa ce kawai. Ku tambayi wanda ke ciki, ku san sunansa. In kun yi aikin, ku yi kuna sane da abin da kuka yi, kada ku ce an sa ku. Ni an sa ni, amma hannuna ne, kuma har yau da shi nake karɓar fansho.